Illo Dillali da Haƙorin Dodon Kifi

"Ni fa a nuna mini haƙori guda, za ni faɗi shekarun dabba, da tsawonta, da abin da ta ci jiya!"

Illo dillali ke nan a kara, kasuwar shanu ta garin Isa, ranar kasuwa, baki har kunne. Kurin kuwa da dalili: Halliru, makiyayi daga Kurawa, ya koro bijimai biyar yana neman dillalin da zai danƙa wa. Illo ya ƙwallafa rai a kansu.

Usmanu, abokin hamayyarsa, ya miƙo waya. "To ga haƙori, Sarkin Sani." Hoton haƙorin wani dodon kifin teku ne da ya ƙare tun zamanin da, ya cika tafin hannun mai riƙe da shi.

Mutumin naka fa bai taɓa ganin kifin da ya wuce tarwaɗar fadama ba. Amma ina! Ya gyara hula.

"Wanga? Haƙorin bijimi yatsa guda ne, wanga ya yi goma. Tsawon bijimi goma ke nan. A ba ni igiya!"

Ya shimfiɗa tasa, ta ƙare a tsawon bijimi huɗu. Ya ƙulla rawaninsa, bai kai ba. Sai gogan ya kwance igiyar babban bijimin Halliru daga turke.

"Malam Illo, wanga bai son baƙo," in ji Halliru.

"Haba Ɗan Fulani! Kifin nan ƙarfin bijimi ɗari gare shi, na kuma auna shi. Sa guda kuwa da hagu nake riƙewa." Ya naɗe igiyar a wuyan hannu.

Bijimi ya yi huci, ya cika wa kara ƙura. Wayyo Illo! Aka ja shi ta cikin kashin shanu, aka bi da shi ta kan ƙwaryar Hajo mai fura, tana zabga masa ludayi, sai da bakinsa ya gaisa da turke sannan igiya ta sake shi.

Halliru ya duƙa ya tsinci wani abu fari a ƙasa, ya miƙa wa Usmanu tare da ragamar bijiman. "Wanga haƙorin fa, na wace dabba ce?"

Usmanu ya juya shi a tafin hannu, ya dubi giɓin Illo.

"Tsohuwa ce. Baki ya fi jiki, ƙarfi babu. Ko kyauta ba ta shiga motar fatake."