Rasuwar Clotilde, Talabijin ɗin Shagon Zattoni

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Ermete Zattoni, mai shagon kofi na bakin dandalin Valdirosa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masoyan jar motar nan ta gasar tseren motoci cewa Clotilde ta rasu. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin da ta wuce, da rana tsaka, a kan kantarta ta ƙarfe da ke saman firji, a gaban shaidu masu yawa, wasunsu riƙe da wando.

Ga baƙin da ba su san ta ba, Clotilde akwatin talabijin ce irin ta da, mai ƙaton ƙeya, wadda sai maza biyu sun yi nishi kafin su ɗaga ta. Mahaifin Ermete ne ya kawo ta shagon, ya raɗa mata sunan gwaggonsa, saboda ita ma gwaggon takan daɗe kafin ta farka, idan ta farka kuma da gunaguni take farawa. Duk wanda ya taɓa shigowa da safe zai tuna muryar marigayiya: "tunnn" idan aka kunna ta, sai dogon "zzzz" kamar mai tunanin ko yau ma ya cancanci a tashi. Idan hoto ya fara rawa, mari ɗaya a kumatun hagu ya ishe ta. Ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba.

Ta kasance mai haƙuri da sanin ya kamata. Ta sha hayaƙin sigari tun ana sha a cikin shago, ta sha zagi a madadin alƙalan tsere, an taɓa jifan ta da hula. Da tsufa ya kama ta sai launinta ya karkata, kowace mota ta riƙa fitowa da ɗan ja-ja a jikinta. A shekarun da jar mota ba ta cin komai, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. An sha yin murna a shagon Zattoni kafin a gane motar wasu ce a gaba.

Saboda ita aka kafa dokokin ranar Lahadi, waɗanda aka fi girmamawa a Valdirosa fiye da na hukumar gari. Kowa da kujerarsa. Da zarar motoci sun tashi, babu mai motsi, domin an gwada an gani: duk ranar da wani ya miƙe, sai tayar jar mota ta fashe. Ba a kunna injin kofi, saboda wayoyin ginin sun girmi Ermete, kuma idan injin ya fara ɗaukar zafi sai hoton Clotilde ya tsuke kamar rigar da ta sha ruwan zafi. Sassauci ɗaya ne. Idan aka yi haɗari, motar kariya ta fito da fitilunta masu ruwan ɗorawa, 'yan tsere suka jeru a bayanta suna rarrafe, babu mai wuce wani, to nan ma an buɗe ƙofa. Mai fitsari ya ruga, mai sigari ya fita, Ermete ya kunna inji ya zuba kofi da sauri ya kashe. Amma kafin motar kariya ta kashe fitilunta ta bar hanya, dole kowa ya koma mazauninsa. Wanda ya makara, ya ƙarasa kallo daga waje ta taga. Ko Fada Egisto, limamin cocinmu, an taɓa yanke masa wannan hukunci, ana ruwa. Ya ce zai ɗaukaka ƙara zuwa sama. Har yau ba a ji sakamako ba.

Akwai abin da masu ta'aziyya ya kamata su sani, don kada su yi mamakin yadda mutum mai furfura yake kuka a kan kayan lantarki. Shekarar da 'yarsu Loredana ta koma Milan da mijinta, matarsa, uwargida Nives, ta ajiye muburgin kwaɓi ta dubi Ermete ta ce, "Ba zan ce ka rufe shagon ubanka ba. Amma ba za a sayi sabuwa ba. Ranar da wannan tsohuwar ta mutu, mu ma mun gama, mu tafi kusa da yarinya." Ermete ya ɗora hannu a kan Clotilde ya rantse, a gaban Baba Primo mahauci. A lokacin Ermete yana ganin ya yi wayo, don ya ɗauka irin waɗannan akwatuna ba sa mutuwa sai an harbe su. Tun daga ranar yake jinyarta. Da zafi ya kafa mata fanka ita kaɗai, shi yana zufa. Da sanyi ya lulluɓe ta da bargon da Nives ta daɗe tana nema. Bai taɓa kula da lafiyar kansa haka ba, kuma ana gani a jikinsa.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Direbanmu na jar mota yana gaba, abin da aka manta yadda yake. Saura zagaye kaɗan sai wasu biyu a can baya suka yi karo, tarkace ya watsu, motar kariya ta fito. Ermete ya dubi ɓarnar da idon wanda ya ƙare rayuwarsa yana kallo, ya miƙe ya yi sanarwa: "Jama'a, akwai lokaci. Sai an kawo motar ƙugiya an ɗauke motocin nan, sannan doka ta ce sai waɗanda aka yi wa zagaye sun koma bayan layi, sannan a ƙara zagaye guda. Ku sake jiki." Ya kunna injin kofi. Da yake yana jin kansa, ya haɗa da na'urar gasa burodi, abin da ko mahaifinsa bai taɓa yi ba. Rabin shagon suka yi layi a ƙofar banɗaki, Widmer mai gyaran famfo yana buga ƙofa yana cewa, "Fada, wa'azi kake yi a ciki?"

Masu tafiyar da tsere, waɗanda Ermete ba zai ambaci sunayensu ba don lauyansa ya mutu, suna son a ƙare wasa da gudu don masu kallo su ji daɗi. Ba su jira abin da Ermete ya karanta a doka ba. Fitilun motar kariya suka mutu tun kafin lokaci.

Ba a taɓa ganin irin wannan gudun a Valdirosa ba. Tsofaffin da likita ya hana hawa bene suka tsallake tebur. A cikin ruɗanin, Widmer ya faɗa kujerar Baba Primo.

"Tashi, ɗan banza! Za ka kashe mu!"

"An riga an tashi, Baba, ba a motsi!"

"A kujerata kake!"

"To zauna a cinyata!"

Haka aka yi. Baba Primo, mai jikoki har da tattaɓa kunne, ya ƙarasa tsere a cinyar mai gyaran famfo, kuma jar mota ta tsallake layi ita ce ta farko. Ihun da aka yi sai da tattabarun dandali suka tashi. Ba a gama rungumar juna ba sai wani ɗan rubutu ya bayyana a ƙasan hoto: ana binciken direbanmu. Wai ya taka wuta kafin motar kariya ta gama shigewa, hancin motarsa ya wuce ta da abin da bai kai tsawon burodi ba. Aka maimaita hoton a hankali, aka sake maimaitawa. Kowa ya matso yana auna hancin da yatsa a jikin gilashin Clotilde. Babu wanda ya tuna injin kofi yana ta huci a baya, na'urar burodi kuma ta yi ja. Hoton yana tsukewa, mutane suna ƙara matsowa, suna zaton idanunsu ne.

Mai sharhi ya ce, "Alƙalai sun yanke hukunci." Clotilde ta ce "tsss." Sai "fuuu," a hankali, kamar wadda ta sauke kaya. Hoton ya dunƙule ya zama ɗigon haske guda a tsakiyar fuskarta, ya ɗan tsaya yana kallon mutane, sannan ya tafi. Warin ƙonanniyar waya ya sauko daga kanta. Ermete ya hau kujera ya mare ta a hagu. Ya mare ta a dama, abin da ba a taɓa yi ba. Ya kira sunanta.

A wayar Widmer aka ji sauran labari: an ƙara wa direbanmu daƙiƙa biyar, kuma da yake motar kariya ta tara motoci wuri guda kamar tumaki, daƙiƙa biyar ɗin ta jefa shi na huɗu. Iyalan mamaciya suna samun ɗan sanyi da cewa ba ta rayu ta nuna wannan ba.

An kira Athos mai gyaran lantarki. Ya buɗe ƙeyarta, ya leƙa, ya shinshina, ya cire hularsa. Ya ce masana'antar da ke yin abin da ya ƙone, yanzu wurin ajiye motoci ce.

Ermete ya ɗaukaka ƙara gaban Nives a kan batun rufe shago. An yi zaman a kicin, Nives tana murza kwaɓin gurasar piadina ba ta ko ɗago kai ba. Ya bayyana mata cewa alkawarinsu a kan mutuwar tsufa ne, wannan kuwa kisa ne, wasu mutane a wata ƙasa suka taka dokarsu da ƙafarsu, shi kuma ya yi aiki da doka kamar yadda take a rubuce.

"Wa ya kunna injin?" in ji Nives.

"Ai idan da sun bar motar kariya ta ƙara zagaye..."

"Ermete. Wa ya kunna?"

"Hannuna ne, amma a bisa bayanin da..."

"Da na burodin?"

Ya gabatar da shaidu. Baba Primo ya rantse laifin Widmer ne da ya zauna a kujerar da ba tasa ba. Widmer ya ce a duba nauyin da cinyarsa ta ɗauka a yi masa adalci. Fada Egisto ya ce shi yana banɗaki, bai ga komai ba, amma yana roƙon sassauci. Baba Primo ya ƙara da cewa akwai sabon talabijin a ɗakinsa, siriri kamar faranti, zai kawo aro, aro kuma ba saye ba ne.

"Baba, a gabanka ya rantse," in ji Nives. "Ko kai ma hotonka ya fara tsukewa?"

Sannan ta ajiye muburgi ta juyo. Ta ce tun tana amarya take tsaye a gaban wannan kasko duk Lahadi, tana jin ihun maza ta bango, ba ta taɓa ganin ƙarshen tsere ko ɗaya ba. Ta ce jikarta ta fara tafiya, ta fara magana, ita kuwa a waya take ganinta, yarinyar tana kiran ta "matar cikin waya". Ta ce gwiwoyinta sun gaji. Ermete ya buɗe baki, ya duba duk dokokin da ya haddace, bai sami wadda ta yi magana a kan wannan ba. An yi watsi da ƙara. Alfarma ɗaya kotu ta yi: shago zai ci gaba da buɗewa har sai an kai gawa makwancinta. Washegari a miƙa mabuɗi ga wani saurayi da ke son sayar da rigunan waya a wurin.

A saman wannan shagon aka haifi Ermete. Bai iya komai ba sai zuba kofi da bayanin dokar da ba a bi ba. A Milan an tanadar masa ɗaki a hawa na shida, a gidan suruki mutumin kirki wanda ke kallon wasan golf da murya a kashe. Duk mai wata dabara, ko ɗan uwan da ya san wani tsohon mai gyara, ko kaka mai irin wannan akwati a ƙarƙashin gado da za a iya ciro wani abu daga cikinta, ya zo ta ƙofar baya. Ba za a tambayi inda ya samo ba.

Marigayiya ta bar na'urar sauya tasha guda, wadda salatif ke riƙe da ita, da eriya a kan rufi da har yanzu ba a sanar da ita ba, da kantar ƙarfe mai tabon ƙura daidai girmanta. Ta bar tsofaffi cike da shago waɗanda matansu ba su saba ganin su a gida ranar Lahadi ba, kuma ba sa fatan sabawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, a wurin tara tsoffin kayan lantarki na hukumar gari. Kamar yadda kowa ya sani, sau ɗaya a wata ake buɗe wurin, kuma da tsakar rana mai gadi yake rufe ƙofa ya tafi cin abinci. Da farko Ermete ya tsara komai yadda ya dace da darajar mamaciya. Baba Primo zai ja gaba da tsohon kekensa mai ƙafa uku, an ɗaura masa fitila ruwan ɗorawa a ka. Masu rakiya su jeru a baya, babu mai wuce wani. A bi ta hanyar tudu, a tsaya a coci Fada Egisto ya yi addu'a, kuma an roƙe shi kada ya taƙaita. Idan aka yi rashin sa'a aka tarar an rufe ƙofa, sai a dawo da gawa gida cikin haƙuri a jira wata mai zuwa.

Sai dai Widmer ya ba matarsa labari, matarsa kuma ta haɗu da Nives a wurin mai kifi. Saboda haka an ɗan yi gyara. Za a saka gawa a bayan motar gida, Ermete zai zauna kusa da ita. Uwargida Nives ce za ta tuƙa. Ermete ya tuna mata cewa al'ada ce a bi gawa a hankali, ta ce ya riƙe ta da kyau a kwana.

Ana roƙon masu rakiya su fito da wuri, su cika tanki. Wanda ya tsaya ɗaura takalmi zai tarar an gama.