Rasuwar Sulken Ɓawon Ƙaguwa na Pimyong Mai Tabarau

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya tumbatsa, Eufemio Tabligan, wanda duk unguwar Jaro ta birnin Iloilo a ƙasar Filifin ta sani da Pimyong mai shagon tabarau, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abin ƙaunarsa, Sulken Ɓawon Ƙaguwa. Ajali ya cim masa ranar Lahadin da ta wuce, da la'asar, a kan teburin baya na shagon taliyar Pacita.

Wanda bai san mamacin ba, ba laifinsa ba ne, domin babu wanda ya taɓa ganinsa da ido. A takarda ya rayu, da fensir aka rubuta shi, cikin wasan nan na tebur da Pimyong da matarsa Milay da abokansu biyu suke yi duk Lahadi bayan an taso daga coci. Kowa da jaruminsa, mai jan labari ya shimfiɗa musu duniya da baki, idan gardama ta tashi a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba.

An haifi marigayin ranar da jaruman suka taru suka kashe wata ƙaguwar teku mai girman ɗaki. Jarumin Pimyong daga kan dutse ya yi nasa yaƙin, da ba da shawara. Da aka zo rabon ganima kuwa, shi ne a sahun gaba. Ya tsare mai jan labarin, Toto Dindo, da hujjoji har taliya ta huce: ɓawon ƙaguwa takobi ba ya cin sa, kibiya zamewa take yi, bai kai ƙarfe nauyi ba, ba ya tsatsa.

"Na yarda, Manong," in ji Dindo da ya gaji, yana kiransa da laƙabin da ake girmama na gaba da shi. "Amma ka sani, ƙaguwa ƙaguwa ce. Rana na dukan sa zai yi ƙarni."

"Ƙarnin jarumta ke nan," in ji Pimyong.

Marigayin ya kasance mai haƙuri, mai gudun fitina. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa shan sara ba, ko ƙwarzane babu a jikinsa, domin mai shi bai taɓa kai shi inda ake sara ba. Da yaƙi ya ɓarke sai Pimyong ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ku yi gaba, ni zan tsare baya." Ya kuwa tsare bayan nan da amana, har jarumai uku na abokin wasansu Manong Crispulo, direban haya, suka kwanta dama a gaba, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da 'yar rigar fata. Ba za a manta da muryar mamacin ba, wadda Pimyong yake fitarwa da cokali biyu: ƙwas, ƙwas, ƙwas, tana ƙara nisa da fagen fama.

Jinyar ajalin gajera ce. Jaruman suka faɗa kogon wata dodanniya mai son girki, ta shinshino ƙarnin mamacin tun daga bakin ƙofa. Ta cafke jarumar Milay, mai maganin tafiyar, wadda ta sha ɗinke raunin kowa, ta ɗaure ta bisa tukunya mai tafasa. Dindo ya kumbura murya irin ta dodanniyar ya ce, "Ka ba ni ɓawon nan in yi romo, in sakar maka ita."

Pimyong ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Toto, idan ta faɗa tukunyar, mutuwa ce kai tsaye, ko ƙuna ce kawai?"

Milay ta ajiye cokalinta a hankali. "Kada ka yi gaggawa, Pimyong. Ni dai dahuwa kawai nake yi."

"Ba haka nake nufi ba, Inday Milay. Ke ai ana iya rubuta miki wata jarumar. Ƙaguwar nan kuwa ita kaɗai ce a duk duniyar."

"Ɗan'uwa, ramin da kake haƙa ya yi zurfi haka nan," in ji Manong Crispulo. "Ajiye fartanyar."

Milay ba ta ɗaga murya ba. Ta juya wajen Dindo. "Ina da layar nan mai kwance ɗauri, ko?"

"Kina da ita, Manang Milay. Za ki kwance kanki?"

"A'a. Igiyoyin sulkensa."

Ta jefa ɗan lido, ya gangara, ya daki kwanon Pimyong, ya tsaya a kan ashirin, jifar da ba ta kuskure. Sulken ya zube a ƙasan kogo, ya yi ƙwas ɗinsa na ƙarshe, dodanniyar ta tsince shi ta jefa a tukunya. Dindo ya shaida cewa ya yi jawur kafin ya cika, kuma romon ya yi daɗi. Sannan ya miƙa wa Pimyong magogin fensir. Da hannunsa Pimyong ya goge sunan.

Marigayin ya rasu ya bar kwalkwali guda, da takalman fatar kada waɗanda suka san hanyar komawa fiye da ta zuwa, da jarumi ɗaya a tsaye da gajeren wando. Ya kuma bar Pimyong, wanda ya tsaya karɓar gaisuwa a shagon, ya koma gida ya tarar Milay ta haɗa jaka ta hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Guimaras, gidan yayarta.

Za a yi zaman makoki ranar Lahadi mai zuwa a shagon Pacita, da kofi da biskit da karta, kamar yadda aka saba yi wa kowane mamaci. Daga nan za a ƙone ragowar takardar a murhun taliya. Manong Crispulo ne zai yi jawabin bankwana; ya ce tun mutuwar jaruminsa na biyu ya gama shirya shi.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tambayi inda Milay take. Ta dai aiko da saƙo cewa ba za ta samu halarta ba, tana yi wa mai makoki fatan dangana, kuma idan tata ta zo, ko rabin wannan sanarwar aka rubuta mata, ta gode.