Zakara Mai Kilo Ɗari da Tamanin

A ajinmu na digiri na biyu babu wanda ya kai ni cika baki a kan manhajar lissafin nan ta R. Sarkin Kwamfuta suke ce min, ni kuwa in amsa, ko kunya babu. Bincikena a kan nauyin dabbobin gida ne: ƙauyuka takwas, wata goma sha biyu, kaji da awaki da shanu. Shekara guda ina yawo da sikeli, akuya ta tunkuye ni, saniya ta taka ni. Na jera alƙaluman hawa uku: ƙauye, wata, dabba. Ana saura kwana biyu in kare aikin a gaban malamai, sai mai duba ni, Dakta Talatu, ta ce in juya jerin, dabba ta dawo farko. Akwai hanyar da ake bi kowace lamba ta koma gidanta, amma ni gwani, sai na yanke: na canja girman hawan kawai. Lambobi suka kwarara yadda suka ga dama, kamar an juye gero da dawa a buhu ɗaya. Na tsamo kason farko, na laƙaba masa "kaji". Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, na buga na ɗaure. Dakta ta ce in kawo ta duba, na ce kada ta wahalar da kanta.

Wanda ya faɗi a wannan zama sai baɗi, ga shi na riga na shaida wa dangi su ɗora tukunyar walima. Na shiga da babbar riga, na yi bayani har da nuni da sanda. Baƙon mai jarrabawa, wani dattijo Farfesa Barau, ya bari sai da na gama. Sannan ya gyara tabarau, ya buɗe shafi na arba'in da ɗaya.

Ya ce, "Malam, wannan zakaran na ƙauye na uku, kai ka auna shi da hannunka?"

Na ce, "Da hannuna, ranka ya daɗe."

"Kilo ɗari da tamanin?"

Na waiwayi Dakta Talatu, ta duƙar da kai tana ta juya biro. Mai hankali a nan zai ce ya tuba. Ni kuwa bakin da ya saba bai iya shiru ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kwamfuta ba ta ƙarya. Wataƙila irin na waje ne."

Farfesa ya rufe kundin a hankali, ya bi malaman da ke zaune da ido yana ƙirgawa, sannan ya dube ni.

"Digiri dai sai baɗi, Malam. Amma don Allah ka riƙe mana zakaran nan. Ga mu nan mu bakwai cif, da shi za mu yi layya bana."