Tafasar Masar

Ba zan taɓa mantawa da kwaɗon da na yi wa 'yan gidanmu a Alƙahira ba, ko da na so in manta. A farkon shekarun tamanin ne, muna haya a unguwar Hay el-Sabi' mu uku: ni, da Mamman ɗan Maraɗi, da wani sabon ɗalibi, Iliyasu. Iliyasu ya kasa sabawa da garin. Waken Masar ba ya shigar masa, ya rame, har ya fara haɗa kaya wai gida zai koma, karatun ya haƙura. Kullum zancensa kwaɗon tafasar innarsa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ina yawo a kasuwar Ataba sai na ga busasshen ganye a buhu, a shagon mai kayan ƙamshi, har da guntayen furanni ruwan ɗorawa. Na ce tafasa! Ban tambayi kowa ba (ni da ko ruwan zafi ban taɓa dafawa a gida ba, sai ga ni masanin ganye). Na sayo ƙunshi babba.

Ranar Juma'a da sassafe na dafa, na daka gyaɗa a madadin ƙuli, na zuba albasa da yaji. Mamman ya ɗanɗana ya yamutsa fuska. "Ɗan'uwa, wannan ɗacin fa?" Na ce, "Tafasar Masar ce, yalla, maza ci kawai." Iliyasu kuwa har da lasar yatsa, idonsa cike da ƙwalla.

Da la'asar suka tura ni limanci. A raka'a ta biyu cikina ya murɗa. Na daure, ina gumi, a ta uku na yanke salla na juyo da gudu. Ba kowa a bayana! Mamman yana banɗaki, Iliyasu yana dukan ƙofa, ashe tun ɗazu ni kaɗai nake ta kabbara.

Daga ciki Mamman ya ƙwala ihu, "Filasko ka ba mu, azzalumi! Maganin wankin ciki!"

Kamar in nitse don kunya. Sai Iliyasu ya durƙushe riƙe da ciki yana dariya, dariyarsa ta farko tun zuwansa. "Yaya, khalas, shi ke nan, na fasa tafiya. In na bar maka tukunya, Mamman ba zai kai jarrabawa da rai ba."

Ya zauna har ya gama karatunsa. Ni kuwa aka mayar da ni wankin kwanuka, kuma na koyi cewa ko tausayi ya kama ni, in tambayi sunan ganye kafin in kunna wuta.