Lomar da Ta Yini a Hannu

Ni dai ba gwanar labari ba ce, amma wannan kam a kan idona aka yi shi. Maigidana, Baban Hanifa, ya daɗe ba aiki, har tukunyarmu ta fara hutu. Sai Hajiya Kande, aminiyar innata, ta yi masa hanya wajen mijinta, Alhaji Nababa mai hatsi, wanda ke neman mai kula da sito. Shi kuwa Alhaji ba ya ɗaukar mutum sai sun ci abinci kwano ɗaya. Wai a bakin kwano ake gane hali.

Ranar na bi shi gidan da sunan taya Hajiya aiki. Ni na kai musu tuwon shinkafa da miyar taushe, ga naman rago zuƙu-zuƙu, sannan na laɓe bayan labule. Baban Hanifa kuwa ko koko bai sha ba ya fito.

Aka yi bisimilla. Ya yanko loma, ya dangwalo miya, ya kusa kai wa baki ke nan sai Alhaji ya ce, "Yaro, ɗan wane gida ne kai?"

To, shi a gidansu ba a kai loma baki babba na yi maka magana. Ya sauke hannu, ya jero iyaye da kakanni. Alhaji na "uhm, uhm," yana zuba loma.

Baban Hanifa ya sake ɗago lomar.

"Ka iya gane masarar da ƙwari suka shiga?"

Ya sauke. Ya yi bayani tiryan-tiryan. Kafin ya kai aya, tsoka biyu sun wuce.

"Idan ɗan'uwana ya zo ya ce ka buɗe masa sito ba na nan fa?"

Haka dai, tambaya na ƙarewa wata na shigowa. Miyar lomar nan har ta bushe a yatsunsa. Ni kuwa ina ta salati a zuci. Can sai na ji ƙarar kwano, Alhaji na suɗe gefe.

Ya yi gyatsa, ya dubi Baban Hanifa sheƙeƙe, ya ce, "Kai, anya kuwa? Kwano guda ya ƙare a gabanka, loma ɗaya ta gagare ka. Mai sanyin hannu irinka zan damƙa wa sitona?"

Na ce shi ke nan, mun koma gidan jiya.

Sai Baban Hanifa ya miƙa hannu gaban Alhaji, ya buɗe tafinsa a hankali, ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya shigo hannuna dai ga shi nan, duk da yunwa ko ƙwara bai ragu ba. Na cikin kwanon ne sai dai a binciki mai sito."