Rasuwar Malam Ƙiftau, Akwatin da Ya Yanke wa 'Yar Tela Magana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma haushi bai gama fita daga cikinta ba, telan nan mai shago a ƙarshen layi, a madadin kansa da uwar 'ya'yansa, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da masu kawo masa ɗinki rasuwar akwatin intanet na gidansa, wanda iyali suka fi sani da Malam Ƙiftau, saboda fitilunsa da ba sa daina ƙiftawa ko da ba abin da yake tsinanawa. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana tsakiyar isar da magana, inda dama can ya saba tsayawa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba: gidan tela a cikin kwari yake, inda wayar hannu ba ta samun sabis sai mutum ya taka har bakin titi. Da 'yarsa ta fari ta bi mijinta wata ƙasa mai nisa, sai tela ya rasa barci. A nan ne wani mai haɗa na'urori ya zo da marigayin a cikin kwali. Ya kafa turken ƙarfe a kan rufi, ya ɗaura masa farin faranti yana fuskantar dogon ƙarfen kamfanin sadarwa da ke can kan tudu, ya zuro igiya ta taga zuwa akwatin da ya aza a kan kabad, sannan ya jona wa akwatin wayar tebur. Ya ce murya za ta riƙa bi ta intanet, tana tashi daga faranti zuwa ƙarfen, kuma muddin suna ganin juna, tela zai ji 'yarsa kamar tana zaune a falo. Tela ya ji ƙarshen zancen da kyau. Wancan “muddin” ne bai ba shi muhimmanci ba.

Iyali na shaida cewa marigayin mai haƙuri ne. Idan ka ba shi magana, ba ya gaggawar kai ta. Zai riƙe ta, ya jujjuya, sai lokacin da ka fid da rai ka sake wata, sannan ya saki ta farko, su yi karo da amsar yarinya a hanya. Ta haka uba da 'ya suka shekara suna cewa “yi maganarki” da “a'a Baba, kai fara” har hira ta ƙare ba wanda ya fara.

Mai amana ne kuma, domin bai taɓa cinye wa tela murya ba. Duk abin da ya faɗa sai ya dawo masa da shi. Tela zai ce, “Kina cin abinci kuwa?” sai ya ji wani dattijo daga cikin rijiya yana tambayarsa, “Kina cin abinci kuwa?” Muryar yarinyar ce kawai yake yanka kamar almakashin da ya dakushe: “Ba… ba… ina wu… ya ƙa… farka?” Sauran sai tela ya ɗinka da kansa, kuma uba mai fargaba ba ya ɗinka alheri.

Ba ya nuna bambanci. A wurinsa gaisuwar 'yar da ke wata ƙasa da bidiyon girkin da uwar gida ke kallo a kicin duk ɗaya ne, hanya guda yake tura su su yi ta turereniya. Shi ya sa da wayar tebur ta yi ƙara, tela yakan fito tsakar gida da tef ɗin awo a wuya yana shelar kowa ya kashe wayarsa, har da baƙin da suka zo gwajin riga. Yana jin tsoron ruwan sama, yana jin tsoron iska, tattabara ma idan ta sauka a kan faranti sai ya shaƙe. Murya ɗaya tak ya taɓa isarwa garau, ba gargada ba tsaiko, ita ce ta matar nan ta kamfani da ke tunatar da cewa wata ya ƙare.

Duk da haka tela ya so shi, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Da ƙyallen atamfa mai tsabta yake goge shi. Ya ɗinka masa 'yar riga don ƙura, har sai da mai haɗawa ya ce zafi zai kashe shi. Ta bakin marigayin ne ya ji, a gutsure a gutsure, cewa yarinyar tana da ciki na fari. Ta bakinsa kuma ya ji cewa ƙafafunta sun kumbura, jininta yana hawa. Irin wannan ciwon ne ya kusa tafiya da uwarta lokacin haihuwarta ita kanta, kuma tela bai manta da bencin asibitin da ya zauna a kai ba. Tun daga ranar ya dawo da keken ɗinkinsa falo, kusa da kabad.

Ciwon ajali ya fara ne lokacin da maƙwabcinsu na gabas, mai sayar da tayoyi, ya tashi yi wa gidansa bene, daidai tsakanin faranti da ƙarfen kamfani. Kowane layin bulo da magina suka ɗora, sai murya ta ragu. Tela ya je ya yi masa magana, maganar ta yi tsami, aka rabu kowa na rantsuwa ba zai ƙara taka ƙofar wani ba. Daga nan aka shiga tsere. Magina su ƙara layi, tela ya kira mai walda ya ƙara wa turke bututu. Su ƙara, ya ƙara. Har turken ya yi tsawon da yake rangaji kamar rake, faranti na can sama yana duban ƙarfen kamfani wani lokaci, wani lokaci kuma yana duban shanyar mutane. Uwar gida ta ce abin nan zai faɗo wa wani a ka. Aka ce mata ba ta san harkar na'ura ba.

Ranar Talata wayar tebur ta yi ƙara. Tela ya ɗauka, sai ga muryar yarinyar, kuma a karon farko a rayuwarsa marigayin ya kawo ta tas, kamar yadda wasu majinyata ke warwarewa dab da tafiya. Ta ce, “Baba, ina asibiti. Kar ka ta da hankalinka, likita ya ce…” Sai iska ta taso. Turken ya sunkuya, ya karye daga wurin walda, faranti ya faɗa cikin kwaɓin simintin maƙwabci, igiya ta fizgo akwatin daga kan kabad ya daki ƙasa. Ya ƙifta jar fitila sau ɗaya, ya ce “ƙit”, shi ke nan.

Tela na roƙon jama'a su duba wannan aiki. Da ya mutu kafin ta ce tana asibiti, da an ce ajali ne. Da ya jure numfashi guda ta ƙarasa, da an yafe masa duk abin da ya gabata. Amma ya zaɓi ya tsaya a kan “likita ya ce”, ya bar uba da kan waya a hannu.

An yi duk abin da za a iya. Tela ya haura bakin titi da ƙaramar wayarsa mai maɓallai ya yi ta kiran surukinsa, wata mata na ba shi amsa da yaren da bai sani ba. Ya je ofishin kamfani, suka yi masa jaje, suka ce mai gyara zai zo bayan ƙarshen mako. Ya dawo ya zauna gaban keke, ya ɗinke wa wani mutum hannun riga a wuya. Uwar gida ba ta yi kuka ba. Da gari ya waye ta ɗauki mayafinta ta ce akwai faranti a saman benen maƙwabci da ba abin da ya tare shi, kuma idan rantsuwar wani ta fi masa 'yarsa, ita ba ta rantse ba.

Tela ya riga ta fita. Ya taka ƙofar da ya ce ba zai taka ba, ya yi sallama da muryar da ba ya son tunawa. Mai tayoyi, wanda tela ya shirya wa baƙaƙen maganganu tun farkon ginin, lambar surukin kawai ya tambaya. Ya danna a wayarsa da ke jone da farantinsa ya miƙa masa. Bugu biyu surukin ya ɗauka.

“Baba! Tun jiya muke kiran layin gida! An yi mata aiki, an samu mace. Suna lafiya, ga ta nan.”

Sai ga muryar yarinyar: “Baba, wai ina ka shiga? Cewa zan yi likita ya ce a ranar za a ciro ta. Tsaya ka ji mai sunan Mama, ba ta da aiki sai tsawa.”

Aka kara wayar, jaririyar ta callara kuka. Ba tsaiko, ba dattijon rijiya, ba yanka. Tela ya zauna a kan bulon da ya kashe masa akwati ya saurara har ta gaji, magina na tsaye da cebur suna kallonsa. Wannan kukan, da marigayin aka ba shi ya kawo, da tela ya rantse akuya ce.

Marigayin ya rasu ya bar wayar tebur, wadda take zaman takaba a kan kabad ba ta ce uffan ba. Da igiya mai tsawo da uwar gida ta riga ta mai da ta shanya. Da bututu masu yawa, duk da tabon walda. Da tsanin da aka saya dominsa. Da kwalinsa, wanda ya fi shi amfani tun yana raye, domin a ciki ake ajiye maɓallai. Ya kuma bar wa tela ciwon gwiwa da ɗabi'ar ɗaga murya ko da mutum na gabansa. Magajinsa zai zauna a saman benen mai tayoyi, da izinin mai benen, wanda tela ke ɗinka wa riga a halin yanzu ba tare da an tambaye shi ba.

Game da jana'iza: ba za a iya haɗa gawar wuri ɗaya ba. Farantin ya riga ya daskare a cikin siminti, magina sun ce sai dai a bar shi a ƙarƙashin matakala, inda kowa zai riƙa taka shi, kuma iyali ba su da ja. Akwatin kuwa za a sa shi a buhun ƙyallaye ranar Asabar da safe, a miƙa wa mai sayen tsofaffin ƙarafa idan ya yarda ya karɓa. Za a zauna karɓar gaisuwa a shagon tela, inda za a nuna hoton jikar ga duk wanda ya zo, ko ya nema ko bai nema ba.

Masu son yin ta'aziyya su zo da ƙafarsu. Kada a kira waya.