Farin Sabulun Direkta Manzo

A duk faɗin Damargu ba a taɓa yin mutum mai ilimin sabulu kamar Direkta Manzo na Belbeji ba. Babu shakka a wannan magana, don shi da kansa ya faɗa, kuma ya sha faɗa. Mutum ne mai tsayi daidai, mai tumbi fiye da daidai. Birori jere a aljihunsa, ko ɗaya ba ya rubutu. Yana da tabarau da ba ya gani da shi, amma ana ganinsa da shi, abin da ake nema ke nan.

Da can planto ne a Tanut, mai kai takarda daga wannan ƙofa zuwa waccan. Sai Allah ya tashi ɗaukaka sabulu. Aka kira sitaj a Damagaram, 'yan kwanakin koyon sana'a, wanda aka zaɓa zazzaɓi ya kayar da shi, mota kuwa tana ta hon. Aka duba wa ke tsaye kusa da ƙofa. Manzo ne, don tsayuwa kusa da ƙofa aikinsa ne.

Ya dawo da abu uku: gwangwanin farin gari mai sa sabulu fari, hoton gama sitaj, da sarautar Direkta. Sarautar ba wanda ya ba shi. A hanya ya tsince ta, wajen Bakin Birji, ya ga ba mai ita.

Aka tura shi Belbeji ya koya wa ƙungiyar mata. Matan nan tun kakanninsu suke dafa baƙin sabulu da toka da man aduwa, ba su san cikin duhu suke ba sai da haske ya sauko daga mota da jaka a hammata. Ya tara su a wata rumfar kara da ya sa wa suna labo. Muciya ya hana a kira ta muciya, sunanta aparai. Mutanen gari kuwa, saboda ƙauna, suka naɗa shi Sarkin Kumfa.

"Bon!" in ji shi. "Iyayena mata, zamanin baƙin sabulu ya wuce. Ni da kuke gani, da idona na ga Bature yana auna soda. Zan fito muku da sabulu fari tas, wanda na kanti zai gani ya ji kunya. Kumandan, mai mulkin Tanut, zai zo bayan girbi ya zaɓi wanda zai kai aikin hannun ƙasar nan fuwar, babban bajekolin Damagaram. Ba na son in faɗi sunan wanda za a zaɓa, don ba na son yabon kai. Amma tela ya riga ya gwada ni."

Zalika, shugabar matan, tsohuwa mai sauran haƙora na taunar goro, ta ce, "Allah ya kai mu, Darakta."

"Direkta, Inna."

"Shi ɗin."

To, akwai wani ɗan abu. Ranar da malamin sitaj ya zo kan farin gari, ya ce a fara dama shi a ƙoƙo da ɗan mai, a murje har ya yi sumul, sannan a zuba a tukunya, in ba haka ba zai dunƙule. Ya faɗa, ya maimaita. Amma a lokacin Manzo na waje yana tsaron wani muhimmin abu, tsakiyar bencin da za a ɗauki hoto. Kuma ya samu. Ku je ku duba hoton, shi ne a tsakiya, malamin na gefe.

Saboda haka ranar aikin farko, mata na tuƙa man gyaɗa da ruwan soda a rabin tano, gangar ƙarfe da aka raba biyu, Direkta ya miƙe tsaye, ya ɗaga gwangwani sama, ya yi bisimilla, ya watsa garin a bushe kamar mai ba kaji tsaki. Aka zuba a akwatin katako, ya daskare, aka yanka da waya. Sabulu ya fito ruwan ƙuli-ƙuli, ɗige-ɗigen fari ko'ina a jikinsa.

Zalika ta ɗaga ɗaya ta juya. "Kai, zabuwa sak."

"Silans! Wannan ba laifin siyans ba ne. Ruwan rijiyarku ne bai yi lakkwal ba, ko ƙofar aji bai taɓa gani ba."

Aka ɗaura wa jaki salka, aka je kwarin Tarka aka ɗebo ruwa mai ilimi. Zabuwa ta sake fitowa, ba ta ko rame ba. Direkta ya cire tabarau ya duba da kyau, ya mayar, ya gano cewa garin ne ya yi kaɗan. Ya ninka shi. Ɗigon da ke kamar gero suka koma kamar wake.

Wani da zai karaya. Ba Sarkin Kumfa ba. Ya zauna ya yi tunani irin na manya, ya gano asalin cutar: surutu. "Gari ne na Turai," in ji shi, "bai saba da hayaniya ba. Yana jin muryarku sai ya firgita ya ƙanƙame 'yan'uwansa. Donk, daga yau ba mai magana a labo sai ni." Matan suka yi shiru kamar yadda aka umarta, ko da wata na da abin faɗa ta haɗiye shi. Shi kuma ya cike gurbin maganarsu duka, tun hantsi har azahar. Garin bai daina firgita ba.

Gero ya shiga rumbu, saƙo ya zo kumandan na tafe. Kaftanin fuwar na rataye a ƙusa, an yi masa guga har yana ƙyalli. Gwangwani kuwa ya ƙare. Nan ne Direkta ya nuna shi ba ƙaramin mutum ba ne. Ya ce ai ɗigon a fata suke, a fere su. Ya zauna da aska yana fere sabulu kamar rogo. Ya fere wannan ɗigo, wani ya leƙo daga ƙasa. Ya bi shi, ya tarar da ƙannensa. Kafin ya haƙura, kowane sabulu ya koma falle, siriri, mai kusurwa huɗu. Ya shanya su a kan asabari a ɗakin zaurensa, har karan ya yi musu zane a jiki, ya ja ƙofa. Shawara ta tsaya: kumandan ba zai ga sabulu ba, zai ji labarinsa. A wannan fanni dai ba wanda ya taɓa kama ƙafar Manzo.

Ranar ta zo. Landiroba ta tsaya, kumandan ya sauko a gajiye, tun asuba bai sa komai a baki ba. Aka shimfiɗa darduma a labo. Aghali, mai shayin bakin kasuwa, ya dasa butarsa a kan gawayi. Manzo ya yi odar cukun garin Tenhya, busasshen cukun nan na nono, falle-falle mai zanen asabari, da ake ci da shayi, ya ajiye shi cikin ƙwarya a ɗakin zaure. Ya raɗa wa maƙwabcinsa Audi, dattijon da idonsa ya fara hazo, ya je ya ɗauko. Sannan ya gyara murya.

"Mon kumandan! Sabulun da zan ba ka labari yana labo na ciki yana hutawa, ido ba ya ganinsa sai ya nuna. Amma fari! Ranka ya daɗe, auduga in ta gan shi sai ta koma gona. Babu ɗigo, babu tabo, babu..."

Audi ya shigo da faifai ya dire gaban baƙo. Fallaye ne masu kusurwa huɗu, da zanen asabari a jikinsu, an jera su da ladabi. Kowa ya ga cuku. Manzo kaɗai ya ga ɗigon. Ya san su ɗaya-ɗaya, kamar yadda uba ya san 'ya'yansa.

Kumandan ya karɓi kofin shayi, ya miƙa hannu ya ɗauki falle. "Madalla. Ci gaba, Direkta, ina ji."

Direkta! Daga bakin kumandan, gaban jama'a. Tun da aka haifi sarautar nan ba ta taɓa jin daɗi irin na yau ba. Yanzu kuma a ce ya buɗe baki ya ce, ranka ya daɗe, wannan zabuwar ita ce audugar? Ko ya bar mai mulkin Tanut ya tauna soda? Manzo ya dubi fallen yana hawa zuwa baki, ya tuna kaftani a ƙusa. Sai basira ta sauko masa. Ya yi tsalle ya fizge.

"Pardon, mon kumandan! Doka ce ta siyans. Direkta ke fara ɗanɗanawa."

Ya cusa duka a baki. Dabarar mai kyau ce: ya haɗiye, ya ce cukun bai dace da babban mutum ba, a ɗauke. Saura haɗiyewar. Ya tauna, ido ya kawo ruwa. Abin ya ƙi wucewa. Ya wawuri kofin shayi daga hannun Aghali ya kora da shi, da zafinsa.

"Mon kumandan," ya fara, "wannan cuku..."

Wani ƙwai na kumfa ya fito daga bakinsa, ya tashi a hankali, ya bi ta gaban hancin baƙo, ya fashe a jikin rumfa. Wasu suka biyo. Kumfa ta gangaro ta gemu, ta sauka kan birori, fara tas, ba ɗigo ko ɗaya.

Kumandan ya ajiye kofinsa. Ya dubi faifai, ya dubi Manzo, ya juya wajen matan. "Inna, cukun nan na wace irin saniya ne?"

"Ta gyaɗa, ɗana," in ji Zalika. "A labo muke kiwonta."

An ce har direban Landiroba sai da ya riƙe taya don dariya. Aka ɗauko ƙwarya, kumandan ya ci cukun gaske, ya yaba, ya ce matan Tenhya su shirya, su za su fuwar.

Kada dai a zalunci Sarkin Kumfa, a ce sabulunsa bai yi amfani ba. Gaskiya ne bai taɓa wanke ko hular jariri ba. Amma wankinsa na farko ya faɗa inda Belbeji ta fi buƙata: harshen Direkta ya saluɓe, sai da wata ya kusa mutuwa ba a ji jawabi a garin ba.